Yadda Matar Aure Za Ta Kare Kayan Ɗakinta Idan An Zo Kwashe Su Saboda Bashin Mijinta

Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa, kuma a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa sau da yawa daga gona yake farawa. Magidanci zai karɓi taki da iri da maganin feshi a farkon damina bisa alkawarin zai biya da kaka, ko ya ranci kuɗin man injin ban ruwa yana sa ran tumatir ko shinkafar rani za su fitar da shi, sai shekara ta zo ba yadda aka zata ba. Mutanen yankin Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa da Ringim ba su manta da ambaliyar 2022 ba, wadda ta shanye gonaki ta bar magidanta da bashi a wuya babu amfanin da za a sayar a biya. Idan mai bin bashi ya gaji da zarya ya taho gidan, shi kaɗai ko tare da ma'aikatan kotu, zai tarar turakar maigida ba ta wuce katifa da rediyo da 'yan tufafi ba, alhali ɗakin matar cike yake da gado, kujeru, kabad, kwalla, kuloli da keken ɗinki, ga awaki ɗaure a turke. Nan ne hannu yake fara kaiwa, kuma nan ne rigimar take tashi.

Abin da ya kamata kowa a gidan ya riƙe tun farko shi ne, aure ba ya haɗe dukiyar miji da ta mata. A shari'ar Musulunci, wadda kotunan shari'a na jihohin biyu suke hukunci da ita bisa mazhabar Malikiyya, mace tana da mallakarta mai zaman kanta. Sadakinta nata ne, kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata nata ne, haka gadon da ta ci, da ribar sana'arta, da amfanin gayaunarta, da dabbar da ta saya da kuɗin adashe. Bashin da miji ya ci yana wuyansa shi kaɗai, daga dukiyarsa ake biya, sai fa idan matar ce ta tsaya masa da yardarta. Kotunan majistare da babbar kotu ma a kan wannan suke, domin umarnin kwashe kaya yana hawa ne kan dukiyar wanda aka yanke wa hukunci, ba ya ƙetarawa zuwa ta wanda ba ya cikin shari'ar. Hukuncin ɗaya ne idan matar ce ta ci bashin, ba a ɗaukar babur ko shanun noman mijinta a kansa. Matsalar dai ita ce, haƙƙin da ba a faɗe shi da baki a kan lokaci ba, kuma ba a kawo masa hujja ba, yakan salwanta ko da kuwa duk unguwa ta san gaskiyar.

A ranar da aka zo, aiki na farko shi ne a san ko su wane ne suka zo, da izinin wa. Matar da ke cikin gida kada ta fito ta shiga sa-in-sa da maza a zaure. Ta aika yaro ya kira mai unguwa da wani namiji daga danginta, wanta ko kawunta, idan kuma suna nesa, maƙwabci dattijo ko limamin unguwa. Shi ne zai nemi a nuna masa takarda. Takardar kotu ta gaskiya tana ɗauke da sunan kotun, da lambar ƙara, da sunan wanda ake bi, da adadin kuɗin, da sa hannu da hatimi. A ɗauki hotonta da waya, a kuma rubuta sunan ma'aikacin da ya kawo ta.

Idan babu takardar kotu, to babu wanda ke da ikon ɗaukar ko cokali. Mai bin bashi ba ya zama alƙalin kansa, kuma ɗebo matasa ko 'yan banga a shiga gidan mutum a kwashe kaya laifi ne da za a iya kai ƙararsa, komai gaskiyar bashin. Haka kuma 'yan sanda ba a ɗora musu aikin karɓar bashi ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani, saboda haka barazanar da ake yi wa mata cewa za a tafi da su har sai maigida ya fito ba ta da tushe a doka. Ko da bashin ya haɗa da zamba ko cin amana, wanda ya aikata shi ake nema. A irin wannan yanayi sai a kai maganar gaban dagaci nan take, ko ofishin Hisba na ƙaramar hukuma, a nemi a mayar da kayan, kuma a tabbatar an rubuta koken.

Idan kuwa takardar ta tabbata ta kotu ce, kada a tare ƙofa, kada a yi kokawa da ma'aikata, kada a bar yaran gida su ɗauko sanda, domin hana ma'aikacin kotu aikinsa laifi ne da zai ƙara wa gidan wata shari'ar a kan ta farko. Abin da za a yi shi ne magana, a sarari, a gaban shaidu. Matar, ko wakilinta yana jin muryarta daga bayan labule, ta faɗa cewa kaya kaza da kaza nata ne, ba na mijinta ba ne, ba ta ci bashi ba, ba ta tsaya wa kowa ba, kuma ba ta yarda a ɗauka ba. A ambaci kowane abu da sunansa. A nemi ma'aikacin ya rubuta jerin duk abin da aka fitar, ya kuma rubuta cewa matar ta yi da'awar mallaka, a karɓi kwafi ko a ɗauki hotonsa. Dabbobi a ɗauke su hoto ta yadda launinsu da tsagar kunnensu za su fito, injina kuma a kwafe lambar da ke jikinsu. A tambayi inda za a ajiye kayan. Kada matar ta dangwala yatsa a kan wata takarda da ba a karanta mata ba, kuma kada a miƙa wa kowa kuɗi a tsaye ba tare da rasit ba.

Ina so in tsaya a kan maganar yin magana, domin a nan ne mata da yawa suke faɗuwa. Tarbiyyarmu ta koya wa mace kunya da kara, ta koya mata rufa wa miji asiri, har takan ga cewa furta "wannan nawa ne" a gaban baƙi tamkar tozarta maigida ne a ranar da ya fi buƙatar a tausaya masa. Sai ta koma ƙurya ta yi ta hawaye ana fitar da gadon da mahaifinta ya sayar da sa ya yi mata. Amma a fiƙihun Malikiyya shiru yana da hukunci. Malamai sun bayyana cewa wanda aka sayar da kayansa yana wurin, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, cinikin yana iya hawa kansa. Saboda haka shirun da aka yi don kara zai iya komawa hujja a hannun abokin shari'a, ya ce ai tana tsaye aka ɗauka ba ta ce uffan ba. Faɗin gaskiyar mallaka ba cin fuskar miji ba ne, kuma miji mai mutunci shi ne ma ya kamata ya fara cewa, "Wannan ɗakin ba nawa ba ne, ku zo ga abin da na mallaka."

Washegari, ba sai an jira sati ba, a tafi kotun da ta ba da umarnin, ita ɗin dai, a sami rijistara a gaya masa an zo da'awar kayan da aka kwashe a ƙara mai lamba kaza. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan da'awa istihƙaƙi, wato mutum ya tabbatar da cewa abin da ke hannun wani nasa ne. A kotun shari'a ana iya gabatar da ita da baki, da Hausa, ba dole sai da lauya ba, kuma matar da ke cikin kulle ko jego tana iya naɗa wakili a gaban shaidu, ko da yake idan an zo rantsuwa ita ce za ta yi da kanta. A kotun majistare ko babbar kotu a rubuce ake miƙa da'awar ga ofishin masu zartar da hukunci, daga nan kotu ta kira mai bin bashi da mai da'awa ta saurare su. Dokar tarayya da ta tsara wannan aiki ta hana yin gwanjon kayan da aka kwashe kafin kwana 5 su cika, sai dai abin da ke saurin lalacewa, to kwanakin nan su ne damar da ake da ita, ba su kuma da yawa. A roƙi alƙali tun a zaman farko ya dakatar da gwanjo har sai an gama sauraron da'awar, a kuma roƙi a bar dabbobi a hannun wani amintacce, domin akuyar da ta yi wata guda a ɗaure babu kulawa, ko an dawo da ita an riga an yi hasara. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya ko ƙungiyar lauyoyi mata a Kano ko Dutse.

Daga nan sai batun hujja, wanda shi ne ƙashin bayan shari'ar duka. Ƙa'idar ita ce mai da'awa ke kawo shaida, wanda ya musa kuma ya yi rantsuwa. A shari'ar dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa, kuma a Malikiyya mata biyu tare da rantsuwa ma suna wadatarwa. Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun je gaban alƙali, wato ba a karɓar shaidar uba ko uwa ga 'yarsu, ko ta ɗa ga mahaifiyarsa, ko ta miji ga matarsa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Mahaifin da ya sayi kayan da kansa zai iya zuwa ya yi bayani, amma maganarsa ba za ta tsaya a matsayin shaida ba, iƙirarin mijin da bashi ya dabaibaye cewa kayan na matarsa ne kuma abin tuhuma ne. Shaidar ɗan'uwa ana karɓa idan an san shi da adalci. Saboda haka a nemi shaidu daga wajen gida: kafintan da ya haɗa gadon da kabad, mai shagon da ya sayar da katifa, direban da ya ɗauko kayan ranar jere, maƙwabtan da suka ga an sauke su, matan da suka yi jeren, dillalin da aka sayi tunkiyar a hannunsa a kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis. Rasit, saƙon banki na waya da hotuna ko bidiyon ranar jere duk suna ƙarfafa magana. Bayan shaidu sun gama, a kan dabba da kayan da ake ɗauka alƙali yakan rantsar da mai da'awa cewa ba ta sayar ba, ba ta kyautar ba, kayan ba su fita daga mallakarta ta kowace hanya ba.

Na ga amfanin shaidar waje da idona a kan wata 'yar goggona da ke aure a wani ƙauye kusa da Kura. Mijinta ya ci bashin taki, tumatir ya faɗi warwas a kasuwa, mai bashin ya turo yaransa suka ɗauke keken ɗinkinta da rana tsaka, zare yana jikin allura, rigar wata yarinya tana maƙale a ƙarƙashinsa ba a gama ba. A gaban dagaci mai bashin ya ce duk abin da ke gidan mutum nasa ne. Ita kuwa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, keken nan da kwasar adashena na saya, uwar adashen tana nan da ranta, wanda ya sayar mini ma yana nan." Aka aika gida aka ɗauko rasit daga ƙasan wata kwalla, naɗe cikin leda, ya yi ja saboda daɗewa, aka gwada lambar da ke rubuce da wadda ke jikin keken suka zo daidai. Kafin la'asar an mayar mata da abinta, aka kuma tsara wa mijin yadda zai biya kashi-kashi bayan girbin shinkafa.

To idan babu rasit kuma shaidu sun watse fa? A nan fiƙihu ya koma ga al'ada. Littattafan da alƙalanmu ke aiki da su, irin su Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam, sun kawo hukuncin saɓani a kan kayan gida: abin da aka saba na mata ne ana bar wa mace tare da rantsuwarta, abin da aka saba na maza ne, ko wanda maza da mata duka suke mallaka, ana bar wa miji tare da rantsuwarsa, matuƙar ɗayan bai kawo hujja ba. An kafa wannan ne domin jayayya tsakanin ma'aurata ko magadansu, amma yana haskaka batunmu, tunda mai bin bashi ba shi da haƙƙi a kan abin da ya wuce mallakar wanda yake bi. Al'adar ƙasar Hausa kuwa sananniya ce, iyayen amarya ke yin kayan ɗaki, don haka gado, kujeru, kwanuka, labule da kayan ado suna ɓangaren mace. Inda ake shan wahala shi ne talabijin, firji, janareta, sola, injin markaɗe, buhunan hatsi da dabbobi, domin waɗannan kowa na iya mallakarsu, kuma idan babu hujja zato ya fi karkata ga maigida. Duk matar da ta sayi irin waɗannan da kuɗinta, a kansu ya kamata ta fi tsananta neman shaida. Idan haɗa kuɗi aka yi aka saya, ta faɗi kasonta daidai, ta nemi a fitar mata da shi daga kuɗin idan an sayar. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kowace ta yi da'awar nata da kanta, domin da'awar uwargida ba ta ɗauke wa amarya.

Kyautar da miji ya yi wa matarsa tana da nata sharaɗi. Idan ya ba ta tun yana cikin wadata, ta karɓa ta riƙe, kamar lefe ko akuyar da ya ba ta bayan haihuwa, ta zama tata. Amma wanda bashi ya riga ya cinye dukiyarsa ba shi da ikon yin kyauta, masu binsa suna iya neman a warware ta. Wannan ya kawo ni ga abin da ba zan ɓoye ba. Akwai magidantan da idan sun ji sammaci ya kusa, sai su tura babur da buhunan shinkafa ɗakin mata su ce ta ce nata ne. Kada mace ta yarda a sa ta cikin wannan. Mai bin bashin nan shi ma yana da iyali, wataƙila jarinsa ke nan gaba ɗaya ya bayar da amana, kuma ƙarshen maganar ita ce za a miƙa wa Alƙur'ani ta rantse. Ban da nauyin rantsuwar ƙarya a wurin Allah, da zarar an kama ta da ƙarya a kan abu ɗaya, alƙali zai yi shakkar maganarta a kan sauran kayan da suke nata na haƙiƙa.

Akwai kuma inda matar ba ta da mafita sai biya. Idan ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a matsayin mai lamuni, kamar yadda bankunan ba da ƙananan rance da ƙungiyoyin manoma sukan nema, ko ta ba mijinta aron kayanta da saninta domin ya yi jingina da su, to ana iya sayar da su, sai dai daga baya ta bi mijin bashin abin da aka ɗauka. Idan kuwa ya jinginar ba da saninta ba, ko an tilasta mata, ta faɗi haka a kotu ta kawo wanda ya sani. Ta kuma tuna cewa ita ma tana iya kasancewa cikin masu bin mijin bashi. Ragowar sadakin da bai biya ba, ko rancen da ta ba shi, suna ba ta damar shiga sahun masu bin bashi a raba da ita gwargwadon haƙƙinta. Shi kansa mijin ba a yi masa ƙarƙaf, ana bar masa tufafinsa da na iyalinsa da abin da za su ci na wani lokaci, kuma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Idan mijin ya rasu ne aka taso da maganar bashi, a fara ware kayan matar kafin a ƙidaya abin da ya bari, domin daga dukiyar mamaci kaɗai ake biyan bashinsa. Mai takaba ba ta cikin halin jayayya, saboda haka danginta su halarci zaman ƙidayar.

Sulhu a gaban dagaci, hakimi ko Hisba yakan fi sauri da arha, kuma yakan bar zumunci da ransa, musamman da yake mai bin bashin sau da yawa ɗan gari ne da ake haɗuwa da shi a masallaci da kasuwa. Amma kada a janye da'awar kotu saboda an ce za a sasanta, a bar ta tana nan har sai kaya sun dawo ɗaki. Duk abin da aka cim ma a rubuta shi, da ranar biya da adadin kowane kashi, shaidu su sa hannu, a kai wa alƙali ya tabbatar. Idan matar ta ga dama ta taimaki mijinta da tunkiya ɗaya ko wani abu daga nata, alheri ne, amma a bayyana a takardar ko kyauta ce ko rance, kuma kada dangin miji su matsa mata da cewa zaman aurenta ya rataya a kan hakan. Idan an riga an yi gwanjo kafin a kai ga kotu, a je duk da haka, a nemi a riƙe kuɗin kada a miƙa wa mai bashi har sai an saurari da'awar. Wanda hukunci bai gamsar da shi ba ya nemi kwafinsa a ranar, ya tambayi rijistara kotun da ake ɗaukaka ƙara da wa'adinta, domin wa'adin gajere ne.

Ga iyayen da ke shirin aurar da 'ya, akwai ɗan aikin da ba ya cin kuɗi. Ranar jere a sa wani mai ilimi ya rubuta duk abin da aka shigar ɗakin, da boko ko da ajami, a sa kwanan wata, mutum biyu da ba 'yan gida ba su sa hannu, wakilin ango ma ya sa nasa. Rasit na manyan kaya a karɓe shi da sunan amarya, a ɗauki hoton ɗakin bayan an gama jere. Duk abin da ta ƙara saya daga baya, keke ne ko firji ko tunkiya, a ƙara shi a takardar tare da sunan wanda aka saya a hannunsa. Takardar kuma a yi ta biyu, ɗaya a ɗakinta, ɗaya a gidan iyayenta, saboda idan aka kwashe kabad da abin da ke cikinsa, ta wurin iyayen ce za a ɗauka a tafi da ita kotu.